Agogon ƙirga taku a hannuna: rajistar gwaji daga hunturu zuwa bazara

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ƙungiyarmu ta masu tattaki da asuba ta ɗora mini aiki. Mu ba 'yan tsere ba ne. Yawancinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da dattawan da suka yi ritaya, waɗanda likita ya ce wa su rage zama, su rage gishiri, su motsa jiki. Bayan sallar asuba muke haɗuwa ta wajen Race Course a nan Kano, mu zaga mu dawo kafin rana ta ɗaga. Tun ƙarshen bara magana ta taso cewa a yi karo-karo a saya wa kowa agogon nan mai ƙirga taku da auna bugun zuciya. Wasu suka ce a saya kawai, wasu suka ce kuɗin ya wuce a zuba shi a abin da ba a gwada ba. Aka tsaya a kan in sayi guda, in ɗaura shi har bayan ƙaramar sallah, in riƙa rubuta abin da na gani.

Na zaɓi na tsaka-tsaki. Ba irin na tebur ba ne da ake sayarwa kuɗin cin abincin rana, kuma bai kai Apple Watch ko manyan na Garmin tsada ba. A wannan aji ne ake samun yawancin agogunan Amazfit da Huawei da Xiaomi da Fitbit da ƙananan na Samsung. Ba zan faɗi na kamfanin da na saya ba, don abin da nake son ganewa ya shafi ajin ne gaba ɗaya, ba talla nake yi wa kowa ba, ba kuma ɓata wa kowa kasuwa nake ba.

Abin da ke cikinsa: fuska mai haske sosai irin AMOLED, na'urar jin motsi, 'yan fitilu kore da ja a bayansa inda ya taɓa fata, GPS nasa na kansa mai gano inda mutum yake ta tauraron ɗan adam, da Bluetooth da yake magana da waya ta shi. An rubuta 5 ATM a bayansa, wato an gwada shi da matsin ruwa daidai da zurfin mita 50. Sai manhaja da ake saukewa a waya, wadda ta tambaye ni shekaru da tsawo da nauyi kafin ta bar ni in wuce. Ba ta jin Hausa. Wannan tun yau na rubuta shi a gefe, domin akwai dattawa a cikinmu da Turanci ba ya zauna musu.

Asabar, 11 ga Janairu

Taku na fara bi, tunda shi ne abin da kowa ke tambaya.

Agogon ba ya ganin ƙafa. Hannu yake ji. Na'urar da ke cikinsa tana auna yadda wuyan hannu ke kaiwa da komowa, sai lissafin da aka sa masa ya yanke hukunci cewa wannan lilon ya yi kama da na mai tafiya. Da na fahimci haka, sai sakamakon makon nan ya daina ba ni mamaki.

A kan miƙaƙƙen titi, hannuwa a sake, yana da kyau ƙwarai. Na ƙirga da baki na kwatanta, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma da sanyin nan na hunturu, idan na cusa hannu a aljihun rigar sanyi, sai ƙirgen ya ragu. Haka idan ina riƙe da leda mai nauyi a hannun da agogon yake, ko ina tura babur. A ɗaya ɓangaren kuma, na hau adaidaita sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa gida, ban taka ƙasa ba, na sauka na tarar an ƙara mini ɗaruruwan taku. Gargada da girgizar injin ne ya ɗauka tafiya ce.

Na ba uwargida ta ɗaura shi yini guda. Wanki da hannu da daka da tuƙin tuwo duk ya zuba mata su a lissafin taku. Ta ce, "Malam, ai wannan karon gaskiya ya faɗa, aikin ya fi tafiyarku wuya." Ban musa mata ba, gumin na gaske ne. Sai dai wanda zai dogara da adadin ya san cewa motsin hannu aka ba shi, ba nisan da ya taka ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Tun daga kwali agogon ya zo da burin taku 10,000 a yini. Idan ka cika sai ya kaɗa a hannu ya nuna maka kofi. Idan ba ka cika ba, da'irar da ke fuskarsa tana nan a buɗe tana kallonka har dare. Wannan abu yana aiki a kan mutum fiye da yadda na zata. Na sami kaina ina zagaya tsakar gida bayan isha don in rufe ta, kuma na lissafa wannan a cikin alherinsa.

Amma adadin kansa ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, ya tallata ta da taku dubu goma, adadin ya bi duniya. A 2019 Dakta I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a kan mata tsofaffi sama da 16,000, matsakaicin shekarunsu 72. Waɗanda ke yin wajen taku 4,400 a yini, mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa sosai a kan na masu yin wajen 2,700. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba da taku take magana ba, da mintuna take yi: 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici ga baligi, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne muna da dattijo mai ciwon gwiwa wanda ya haura saba'in. Idan aka ɗaura masa abin da kullum zai gaya masa ya gaza, ko dai ya matsa wa gwiwar ta ƙara lalacewa, ko ya karaya ya daina fitowa. Ana iya sauya burin a cikin manhaja, kuma duk wanda za a ba agogo sai an zauna da shi an sa masa nasa tun ranar farko.

Talata, 28 ga Janairu

Bugun zuciya. A nan na fi daɗewa, kuma a nan ne agogon ya fi nuna fuska biyu.

Koren hasken da ke bayansa shi ne ma'aunin. Jini yana shanye koren haske. Duk sanda zuciya ta buga, jini ya ƙaru a ƙananan jijiyoyin fata, hasken da ke dawowa cikin idon agogon sai ya ragu, sannan ya sake ƙaruwa. Wannan hawa da saukar yake ƙirgawa. Saboda haka duk abin da ya shiga tsakanin fitilar da jinin zai iya ruɗa shi: sako-sakon maɗauri, gashi, gumi, hasken rana da ya kutsa ta gefe, ko sanyin da ke sa jini ya janye daga fata.

A zaune, ba ni da ƙorafi. Na ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu na ƙirga na rabin minti na ninka biyu, na kuma kwatanta da abin da na'urar awon hawan jini ta dantse ke nunawa. Su ukun suna tafiya kusa da juna. A tattaki na yau da kullum ma haka. Matsalar tana zuwa ne idan aka sauya sauri farat ɗaya. Na hau matakalar Dutsen Dala, ina haki, zuciya tana dukan ƙirji, agogon yana nuna adadin mai yawon shan iska. Sai da na kusa kaiwa sama ya farga ya yi tsalle. Da sanyin asuba kuma, farkon fita, yakan ba da adadin da ya yi yawa, daidai da saurin takuna, alamar lilon hannu yake ƙirgawa a madadin jini. Idan jiki ya ɗumama sai ya dawo hanya. Abin da ya rage wannan shi ne matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, da ƙara ɗaure shi rami guda kafin fita.

Akwai tambayar da ta shafe mu kai tsaye: baƙar fata. Sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan haske, don haka tambayar tana da tushe. Binciken Jami'ar Stanford na 2017 ya ambaci launin fata cikin abubuwan da suka shafi awo. Na Jami'ar Duke na 2020, wanda aka tsara shi musamman a kan wannan, bai sami bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata ba wajen bugun zuciya, amma ya sami kuskure ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari lokacin motsi a kan lokacin hutu. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a hannuna.

Awon oksijin na jini lamarinsa daban ne, kuma ya fi tayar mini da hankali. Shi da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ake yinsa. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar asibiti da ake maƙalawa a yatsa takan nuna oksijin lafiya lau alhali ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Na asibiti ke nan. Na agogona kuwa, awo biyu a jere ba sa haɗuwa, wani lokacin ma ya ce in sake. Mai asma ko ciwon ƙirji kada ya jinkirta zuwa asibiti don agogo ya nuna masa oksijinsa kashi 97 cikin ɗari ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

GPS. Agogon yana sauraren taurarin ɗan adam na Amurka, da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. A fili yana kama su da wuri, musamman idan an haɗa shi da waya kwanan nan ya sauke bayanin inda taurarin suke. Idan an kwana biyu ba a haɗa ba, sai ka tsaya a bakin titi kana jira.

Na gwada shi a filin wasa mai da'irar gudu, inda layin ciki mita 400 ne cif. Abin da ya ba ni ya ɗan zarce, amma kaɗan. A kan titin BUK taswirar ta bi gefen hanya tsaf, har inda na tsallaka ta nuna. Cikin gari ne labarin ya sauya. A lungunan da ke kewayen Kurmi, inda katanga ke kusa da katanga, da cikin Kantin Kwari inda benaye da rumfunan kwano suka rufe sama, layin sai ya riƙa ratsa gidajen mutane yana yanke kwana, nisan kuma ya kumbura ko ya tsuke. Saƙon tauraron yana bugun gini ya karkato kafin ya iso, agogon kuma ya ɗauka daga inda ya karkato yake. Manyan agoguna masu kama saƙon tauraron a kan mita biyu daban-daban, kamar na rediyo, sun fi iya wannan, amma da tsadarsu.

Ga ƙungiyarmu wannan ba babbar illa ba ce, tunda a fili muke tafiya. Babban amfaninsa ma shi ne mutum ya bar wayarsa a gida da duhun asuba, ya dawo nisansa da lokacinsa suna nan a rubuce. Duk wanda ya san yadda ƙwacen waya ya addabi mutane zai gane darajar wannan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Batir. Kwanakin da aka rubuta a kwali na wanda ya kashe kusan komai ne. Da awon zuciya dare da rana, da bin barci, da GPS na tattakin asuba, yana kai ni kusan mako. Da na kunna fuskar ta zauna a kunne kullum, sai ya koma kwana biyu zuwa uku, na kashe ta. Duk da haka wannan na daga cikin inda ajin tsakiya ya fi wasu manya, waɗanda ke neman caji kusan kullum. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, abin da zai yi mako kuma ya cika da ƙaramin fawa bank cikin awa biyu ya cancanci yabo.

Cajar ce abin tsoro. Mai maganaɗisu ce, tasa ta daban, ba ta shiga da ta kowa. Na zaga Farm Centre don in ga ko ana samun irinta idan ta ɓata. Ana samu, amma sai an nema. Ƙurar hunturu kuma takan zauna a kan 'yan ƙarafan bayan agogon ta hana caji kamawa, sai an goge da ƙyalle.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Azumi ya matso, kuma yau aka yi mini tambayar da na san za ta zo. Wani Alhaji a cikinmu mai ciwon suga ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan naka yana auna suga? Na ga wani a waya ana talla, wai ba sai an huda yatsa ba." Na ce, "Alhaji, nawa ba ya yi, kuma wanda ka gani ɗin ma don Allah kada ka saya."

A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sugan jini da kansa ba tare da huda fata ba. Haɗarin a bayyane yake: mutum ya ga adadin ƙarya, ya ƙara magani ko ya rage, ko ya ci gaba da azumi alhali sugansa ya faɗi.

Hawan jini ma haka. Nawa ba ya auna shi, kuma na ɗauki wannan a matsayin gaskiyar da ya faɗa. Masu arhar da ke nuna 120/80 ga kowa, na ga an ɗora ɗaya a kan tebur, ba hannun kowa, ya fitar da bugun zuciya da hawan jini. Ko manyan Samsung da ke da wannan awo sai an daidaita su da na'urar dantse duk bayan mako huɗu. To fiye da rabinmu hawan jini ne ya fito da mu titi. Abin da likita ke son gani shi ne ko mun sauko ƙasa da 140/90, kuma wannan tambayar agogon ba shi da amsarta. Na ja layi a ƙarƙashin wannan a littafina, don a ganina shi ne zai yanke maganar karo-karon.

Laraba, 5 ga Maris (5 ga Ramadan)

Mun mayar da tattakin bayan tarawihi, an kuma rage nisa.

Lissafin barci ya rikice tun daren farko. Agogon an gina shi ne a kan mutumin da zai kwanta sau ɗaya ya tashi sau ɗaya. Mu kuwa yanzu barci kashi uku ne: bayan tarawihi zuwa sahur, bayan asuba zuwa lokacin fita aiki, sai ƙailula. Yakan ɗauki na farko a matsayin barcin dare ya ba ni maki kaɗan ya ce ban huta ba, na bayan asuba wani lokacin ya haɗa, wani lokacin ya watsar. Na zauna shiru ina karatun Alƙur'ani bayan la'asar, hannu bai motsa ba, ya rubuta mini barci.

Kafin azumi, lokacin kwanciya da na tashi yana kama su daidai gwargwado, wannan kam yana da amfani. Rabe-raben da yake yi na barci mai nauyi da mara nauyi da na mafarki ne ban ba wa muhimmanci ba. A asibiti da wayoyi a ka ake gane waɗannan, ana karanta aikin ƙwaƙwalwa. Shi kuwa daga motsin hannu da bugun zuciya yake kintata. Na kashe makin barcin zuwa bayan sallah, domin tashi sahur ka tarar da na'ura tana ce maka ka yi laifi ba ya ƙara wa mai azumi komai.

Tunatarwar "tashi ka motsa" ma na kashe ta. Ta kaɗa mini hannu ana tsakiyar sallah.

Juma'a, 14 ga Maris

Fata ta yi ja ta fara ƙaiƙayi a ƙarƙashin maɗaurin. Ruwa ba ya cutar da agogon, amma alwala sau biyar a yini tana barin laima tsakanin roba da fata, ga zafi ya fara shigowa. Yanzu nakan cire shi in yi alwala ruwa ya kai ko'ina, in bar hannun ya bushe kafin in mayar, in kuma sauya hannu da dare. Na sayi maɗauri na saƙa, ya fi shan iska. Ƙaiƙayin ya lafa.

Sai kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci da jiki ke ƙonawa. Bayan tattaki yakan nuna adadin da aka ƙona, da manyan lambobi, kuma da azumi ido yana saurin zuwa can, mutum ya fara lissafin ƙosai da kunu nawa ya halatta wa kansa. Binciken Stanford ɗin nan na 2017 ya gwada na'urori bakwai a kan mutum 60. Shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. A kalori kuwa, wadda ta fi kowace daidai ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Agogunan sun inganta tun lokacin, amma hanyar ba ta sauya ba: kintace ne daga shekaru da nauyi da bugun zuciya. Na cire wannan lambar daga fuskar agogon.

Litinin, 24 ga Maris

Yau na zauna na bi jadawalin bugun zuciya na hutu tun daga Janairu, kuma a nan na ga abin da ya sa ba zan ajiye agogon ba.

Awo ɗaya na iya kaucewa. Amma yana auna ni kowane dare, a hannu ɗaya, a yanayi ɗaya, don haka ko da yana da ɗan kuskure, kuskuren iri ɗaya ne kullum, layin da yake zanawa kuma yana da ma'ana. Daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu layin ya gangaro a hankali, alamar tattakin yana aiki. Da aka shiga goman ƙarshe, ga tahajjud ga ƙarancin barci ga zafi, ya ɗan hau. A tsakiyar Fabrairu akwai dare biyu da ya yi tsalle sama da yadda ya saba, kuma a littafina washegarin na biyun ne zazzaɓi ya kwantar da ni. Bai san zazzaɓi ba ne, bai kuma ce komai ba. Ya dai nuna jikin ya sauya kafin ni in ji.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, na nuna mata. Ta ce, "Yaya, wannan layin shi za ka riƙa nuna wa likita, ba lambar da ka gani yau da safe ba." Ga baligi, 60 zuwa 100 a minti shi ne abin da ake ɗauka daidai a hutu, amma tazarar tana da faɗi, kuma sanin inda kai kake zama a cikinta ya fi amfani.

Ƙaramin abu: saƙonnin WhatsApp suna shigowa, amma ƙ da ɗ da ɓ wani lokacin akwati suke fitowa, kuma ba a iya ba da amsa sai da 'yan jimlolin Turanci da aka tanada.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, mun koma fitar asuba. Zafin bazara ya kankama. Bugun zuciya a tafiya iri ɗaya ya fi na Janairu, wanda haka ake tsammani, tunda jiki yana tura jini fata don ya huce. Na sa masa iyaka ya riƙa kaɗawa idan na wuce, kuma wannan ya taimaka wajen rage sauri. Iyakar da ya zo da ita daga lissafin 220 a cire shekaru take, wanda kintace ne na jama'a. Masu shan maganin hawan jini irin wanda ke rage bugun zuciya, wannan lissafin ba nasu ba ne, likitansu ne zai ba su nasu.

Na kuma shiga saitin manhajar na duba inda bayanan ke tafiya. Sai an buɗe asusu, kuma barcinka da bugun zuciyarka da taswirar tafiyarka suna hawa rumbun kamfanin ta intanet. Taswirar daga ƙofar gida take farawa, a ƙofar gida take ƙarewa, da lokacin fita da na dawowa. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta zirga-zirgar masu motsa jiki tana nuna sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da irin waɗannan na'urori. Mu ba soja ba ne, amma 'yan kasuwa ne a cikinmu, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya riƙa saka hoton hanyarsa ta kullum a Facebook. Yanzu sai na yi nisa da gida nake kunna GPS, na kuma rufe rabawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na gabatar da rahoto bayan tattaki, aka yi muhawara mai ɗan zafi. Matasan cikinmu suna son agogon, dattawa suna tambayar abin da zai gaya wa likita.

Matsayar da aka cimma: kuɗin karo-karo za a sayi na'urorin awon hawan jini na dantse guda biyu, masu manya da ƙananan maɗauri, da littafin da za a riƙa rubuta awon kowa duk Asabar kafin a fara tafiya. Ƙanwata ta yarda ta zo ta nuna yadda ake zama da yadda ake ɗaurawa. Agogo kuwa, mai so ya saya da kuɗinsa, da sharaɗin ya kawo a saita masa: a sa burin taku daidai ƙarfinsa, a cire kalori daga fuska, a rufe rabawar taswira. Mutum huɗu sun ba da suna. Shugabanmu ya nemi in rubuta matakan saitin da Hausa a takarda ɗaya saboda dattawa, na karɓa, zan kawo mako mai zuwa in sha Allahu.

Gwaji biyu suka rage, kuma lokaci ne zai kawo su. Na farko damina: yadda fuskar za ta amsa yatsa idan ta jiƙe, da yadda maɗaurin saƙa zai yi da ruwa. Na biyu batir, domin irin wannan batir zafi yana rage masa kwana, kuma a yawancin agogunan ajin nan an manne shi ne a ciki, canza shi sai mai gyara. Zan auna kwanakin da yake kaiwa a ƙarshen Yuni, in sake aunawa a Disamba, in kwatanta da na Fabrairu.